Kujerar Kande

Ku 'ya'yana, na san abin da kuke faɗa a bayan idona. Saratu ta faɗa a gidan mijinta, Bulus ya faɗa a wurin mai shayi, maganar ta zagaya ta dawo kunnena: wai Mama ce ta hana Baba dafa kan jikarsa kafin ya mutu, saboda wata kujerar roba. Ban musa ba. Amma tun da Allah ya sa na koyi riƙe biro bayan furfura ta fito mini, a ajin da zumuntar mata suka buɗe a bayan coci, zan rubuta yadda abin ya faru daga bakin wadda ta tsaya a tashar. Ku ba ku tsaya a can ba. Kuma ba gafara nake nema ba, kada wani ya karanta wannan ya zo yana dafa mini kafaɗa.

Saboda jikokin da za su karanta wata rana ba su san farkon zancen ba, bari in fara daga Ishaya. Shi ne ɗana na fari, da sunansa ake kirana har yau, ko da yake duk wanda ya ce Maman Ishaya sai in ji kamar an taka mini gyambo. Yana koyarwa a Kaduna, ya auri Godiya, nas ce 'yar wajen Kachia, suka kama haya a Sabon Tasha. Da suka haifi mace, babanku ya sa mata Kande, sunan mahaifiyarsa, kuma daga ranar bai taɓa kiranta da sunan ba, sai dai ya ce uwata. Tana 'yar shekara biyu suka taso a motar haya za su zo mana Kirsimeti a Kafanchan. Ba su kai Kachia ba taya ta fashe. Ishaya ko shurawa bai yi ba. Godiya ta fita da karaya a haƙarƙari. Kande kuwa, da take kan cinyar uwarta, a cikin ciyawa aka tsinto ta, hannu a karye, goshi a tsage.

Ranar da aka sa Ishaya a ƙasa, kabarin ko bushewa bai yi ba, Baba Danladi ƙanen babanku ya miƙe a tsakar gida ya gyara murya. Godiya na zaune a kan tabarma an naɗe mata ƙirji da bandeji.

"Yarinya dai jininmu ce," in ji shi. "A bar ta a gidan ubanta. Uwar tana da sauran ƙuruciya, gobe wani zai ɗauke ta."

Na ce masa, "Danladi, zauna. Akuyar da aka ba ka kiwo ma ba ka san inda ta kwana ba, balle 'yar mutum."

Ya zauna, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Ana gama makoki Godiya ta ɗauki 'yarta ta koma Kaduna, ba ta sake taka Kafanchan ba. Ku kun ce girman kai ne. Ni na je gidanta, na gani da idona: ko motar Kafanchan ta hanga ana lodi a bakin titi sai ta sauya hanya. Rabin abin maganar Danladi ce, rabi kuma hanyar ce da kanta.

Babanku tun da ya bar aikin reluwe ciwon suga ya kama shi, mutuwar Ishaya kuma ta ƙarasa abin da ciwon ya fara. Idonsa ya rufe gaba ɗaya. Yakan zauna a gindin mangwaro da rediyo a cinya, in ya ji takun mutum ya faɗi sunansa kafin a gaishe shi. A shekarar da Kande ta shiga biyar ƙafafunsa suka fara kumbura, shi ma ya san abin da hakan ke nufi. A wurin mutanenmu tsoho ba ya son tafiya sai ya ɗora hannu a kan jikansa, ya kira sunayen kakanni, ya sa albarka. Da bishara ta zo, an canza kalmomin an sa sunan Ubangiji, amma hannun yana nan. Ya riga ya dafa 'ya'yan Saratu da na Bulus. Saura 'yar Ishaya, wadda ya fi so, wadda rabonsa da ita tun tana warin nono. Bulus ya yi dabara ya kira Godiya a waya, aka kara wa yarinyar, ta ce sannu Kaka da 'yar muryarta ta yi shiru. Babanku ya ture wayar.

"Ba murya nake nema ba. Kai nake so in dafa. Waya tana da kai?"

Shi ya sa na ɗaura zane na tafi Sabon Tasha a tsakiyar damina, na bar cittata a gona ciyawa na cinye ta. Godiya ta karɓe ni da mutunci, ba ta taɓa fasa wannan ba. Na ci abinci na sha ruwa, sannan na faɗi abin da ya kawo ni: ta ba ni Kande in kai wa kakanta, ni zan kai ta, ni zan dawo da ita, Danladi kuwa in ya buɗe baki zan rufe masa da murfin tukunya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce:

"Mama, na yarda da ke. Zan ba ki ita. Amma ba a cinya ba."

"To a ina? A but ɗin mota, cikin kaya?"

"A kujerarta. Akwai kujerar yara da ake ɗorawa a kan ta mota, ta ɗaga yaro sama yadda bel ɗin motar zai kama shi daidai. Ki biya mata wurin zama nata, a gidan baya, a ɗaura mata bel. In babu wannan, ba ta shiga mota."

Kun san bakina. Na ce mata cinyar nan da take rainawa ta ɗauki yara shida daga Kafanchan zuwa Jos, zuwa Zonkwa, zuwa Kaduna, a bayan akori-kura, a kan buhunan citta, mijinta ma a kanta ya yi wayo. Na ce tun da aka fara mota a ƙasar nan ba a taɓa saya wa yaro wurin zama ba, yaro na cinya ne, shi ya sa ba a karɓar kuɗinsa. Na ce boko ne ya yi mata yawa. Ba ta ɗaga murya ba. Hannuwanta biyu ta miƙo mini, tafin a sama.

"Mama, ni ma na riƙe ta. Da waɗannan. Na ji ƙarar tayar, na ƙanƙame ta da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Ban sake ta ba, Mama, wallahi ban sake ta ba. Fizge ta aka yi."

Duk da haka ban sauko ba. Washegari na kama hanyar gida da fushina. Ta ba ni galan ɗin man gyaɗa in kai wa babanku, na ɗora a cinya na rungume da hannu biyu saboda kada ya zube a but. Mun wuce Mararaban Rido, mun yi nisa, sai ga shanu sun ɓullo daga daji suna tsallaka titi. Direba ya taka birki. Ba wani hatsari ba ne, ko saniya ɗaya bai taɓa ba. Amma galan ɗin nan ya bar hannuna kamar ba ni ke riƙe da shi ba, ya haura kujera ya daki ƙeyar wani malami a gidan gaba. Mutane suka yi ta dariya, malamin na zagi yana shafa wuya. Ni ban yi dariya ba. Ni ce macen da ke ɗaga buhun citta ita kaɗai ta aza a ka, kuma na san galan ɗin bai kai rabin nauyin Kande ba. Har muka shiga Kafanchan ina kallon hannuwana.

Da na faɗa a gida cewa zan koma in saya wa yarinya kujera, sai ka ce na ce zan yi ridda. Saratu ta ce suruka ta mai da ni 'yar aike. Danladi ya ce wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya gudu, a bar Godiya da tsoronta, a je a ɗauko yarinya kawai. Matan layinmu suka fara kirana Mama mai kujera tun ban saya ba. Babanku ne kaɗai bai yi ba'a ba. Cewa ya yi, ko a kan gadon sarauta za a kawo ta, a kawo ta, amma a yi sauri.

Na koma. Ni da Godiya da Kande muka shiga wurin masu gwanjo, wani shago da aka tara kayan yaran Turawa har rufi, kekuna, gadaje, takalma. Mai shagon ya sauko mana da kujeru kala-kala. Akwai wata kamar ƙwarya mai marfi, ta jarirai ce, Kande ta wuce ta. Akwai wata ƙatuwa mai baya da hannuwa kamar kujerar bishop, na ɗaga ta na ce wannan sai a yi mata hayar amalanke. Ni idona ya faɗa kan wata mai laushi, ja, da hoton agwagwa, na danna ta da yatsa na ce wannan ce, ko ni zan yi barci a kai. Godiya ta juya ta, ta cire mata riga, ta nuna mini tsaga a jikin robar, siririya kamar gashi. Ta ce wadda ta taɓa shan bugu ta gama aikinta, ko da ta yi kyau a ido. Sai na gane ba katifa muka zo saya ba. Muka ɗauki wata baƙa, ba ta da ado ko kaɗan, ba nauyi, bayanta yana naɗewa ya kwanta a kan mazaunin. A gefe tana da ƙaho biyu inda bel ke bi, a sama kuma wani ɗan maƙali da ke riƙe shi a kafaɗa. Akwai takarda manne a jikinta da hoton yaro da lambobin nauyi da tsayi. Na sa tabarau na bi lambobin da yatsa, sannu a hankali kamar yadda nake bin Zabura, na ga Kande ta faɗa ciki. Mai shagon yana da tsohuwar mota a ƙofa, Godiya ta roƙe shi ya buɗe, aka ɗora kujerar, aka zaunar da yarinya. Ta sa ni na ɗaura bel ɗin na kwance, na ɗaura na kwance, har gumi ya karyo mini. Na sama ya bi ta kafaɗa, ba wuya ba. Na ƙasa ya kwanta a kan ƙugu, ba ciki ba. In ban ji ya ce ƙas ba, bai shiga ba. Ba a gidan gaba ba, ko da direba ya rantse.

"Mama, kujerar ba laya ba ce," in ji ta. "Ita kaɗai ba ta tsare kowa. Bel ne ke riƙewa, ita tana ɗaga ta ne kawai ya kama inda ya dace."

Kande kuwa tana zaune a sama kamar sarauniya, tana leƙen taga. "Kaka, yanzu ina ganin waje!" Na naɗe kujerar a tsohon zane na aza a ka muka koma gida, yara na bin mu da kallo.

Mun yi shiri mai kyau, wannan ma ku sani. Dattijo Markus na cocinmu yana da motar kansa, bel ɗinta duk suna aiki, kuma ya shigo Kaduna ganin likita. Ya ce zai ɗauke mu in zai koma. Sai injin motar ya buga, aka kai ta gareji, bakanike ya ce sai an nemo wani ƙarfe daga nesa. Na zauna a gidan Godiya ina jira. Ina cikin jiran ne Bulus ya kira da safe, ya ce Baba ya daina cin abinci, tun asuba yake tambayar uwarsa Kande. Godiya ta riga ta sa fararen kayanta za ta tafi aiki. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi 'yarta, ta dube ni. Na ga yadda ta yi kokawa da zuciyarta kafin ta buɗe baki.

"Ku je tasha, Mama. Ki nemi mai bel."

Ta durƙusa ta gyara wa Kande igiyar takalmi, ta fita da sauri ba ta waiwayo ba.

Yanzu ku saurara, domin nan ne wurin da ba ku gani ba. Na isa tasha da kujera a ka, jaka a kafaɗa, yarinya a hannu. 'Yan kamasho suka yo kaina, Kafanchan ne Mama, kawo kaya, saura mutum biyu. Na ce wurin mutum biyu nake so, ni da wannan, a gidan baya, kusa da ƙofa. Suka ji daɗi, ba su saba ganin wanda ke biya wa yaro ba. Na kwance zane na ɗora kujerar, na miƙa hannu bayan kafaɗa inda bel yake zama. Babu komai sai ramin ƙusa. Na tambayi direban.

"Bel? Mama, bel ai na direba ne, saboda jami'an hanya. Baya mutum huɗu muke sa, wa zai ɗaura wa wa?"

Na sauke kujerata na tafi mota ta gaba a layi. Ita ma haka. Ta bayanta akwai igiyar, amma bakin da ake cusa ta an tura shi ƙarƙashin kujera tun zamanin da, direban ya zura hannu har kafaɗa ya fito da ɓawon gyaɗa da tsohuwar silifa. Wata kuma da na zagaya bayanta sai na ga inda bel ɗin ya tafi: an yanke shi an ɗaure murfin but da shi a kan buhunan masara. Na duba layin, kusan kowace mota da baƙar igiyar nan aka ɗaure mata but. Masara ta samu bel, mutum bai samu ba. Na ce zan ɗauki shata, mota guda ni kaɗai. Suka ce to, amma motocin dai su ne waɗannan. Wani ya ce a sa yarinyar a gaba, nan akwai bel. Na ce ba a gaba ba. Aka fara taruwa ana kallona kamar mai tallan maganin gargajiya.

Wata mata mai goyo ta ce, "Haba Mama, ɗora ta a cinya mana mu tafi, rana na yi. Mu duk ba a cinya muka girma ba?"

Wani saurayi ya ce, "Kaka ta sayo kujerar jirgin sama, ta rasa jirgin."

Na ce masa, "Uwarka ma da ta samu irinta da kanka bai buɗe haka ba." Aka yi dariya, ni ban ji daɗin dariyar ba.

Wayata ta yi ƙara, Saratu ce. Tana kuka tana faɗa a lokaci guda.

"Mama, kina ina? Numfashinsa ya canza. Ki ɗauko ta kawai! Wa zai gaya wa Godiya? Ki sa kujerar a but, in kun iso sai ki ce a kai ta zauna."

Kada ku ɗauka maganar ba ta shige ni ba. Ta shige ni har ƙashi. Mutumin da na zauna da shi tun ina yarinya yana can yana lalube da hannu, ni ina nan ina gardama da 'yan tasha a kan igiya. Har dabara na yi irin tamu. Na zaunar da Kande a kujerar, na ɗauki zanen da na naɗo ta da shi, na zagaya ƙirjinta da bayan kujerar motar na ɗaure tamau kamar goyo. Mutane suka ce yauwa, Mama ta kawo hikima, a tafi. Sai na sa hannu a bayan yarinyar na fizgo ta gaba da ƙarfi, sau ɗaya. Zanen ya saki, kujerar ta zame, kullin ya haura ya shaƙe ta a wuya. Ta yi tari ta dube ni. Tabon goshinta yana daidai idona. Ƙarfin tsohuwa ke nan, ba na mota ba.

Na kwance ta. Rana ta riga ta karkata, kuma kun san hanyar nan ba a bin ta da yamma a shekarun nan. Na tsaya a tsakiyar tasha na yi lissafin da ba wanda zai yi mini. In na ɗora ta a cinya, wataƙila mu isa lafiya, sau da yawa ana isa. In kuma ba mu isa ba, ni ce zan tsaya gaban Godiya da hannuwa biyu a buɗe, in faɗa mata abin da ita ta faɗa mini. Tsoho yana da hakki a kaina, amma ya ci zamaninsa. Ita ko famfarar haƙori ba ta yi ba. Na riga na ba wa hanyar nan Ishaya. Na ce ba zan miƙa mata 'yarsa da hannuna ba, ko da wa ke kira.

Na tare keke mai ƙafa uku na kai ta asibitin da uwarta ke aiki. Duk hanya tana kuka, ta ce na yi mata alkawarin za ta ga awaki da tsohon jirgin ƙasa. Godiya ta fito ta gan mu da kujera, ba ta tambayi komai ba, ta gane. Ta rufe baki da hannu. Na ce mata babu lokacin kuka, na juya na koma tasha, na samu motar ƙarshe, na matsu a gidan baya mu huɗu, cinyata ba kowa.

Motar ta kai lafiya. Ko faci ba mu yi ba, ko saniya ba mu gani ba. Na san wannan ne abin da ba ku yafe mini ba. Da mun faɗa rami da kun ce Mama annabiya ce. To ban san za mu kai lafiya ba sa'ad da nake tsaye a tasha, ku ma ba ku sani ba, kuma wanda ya ce ya sani maƙaryaci ne.

Na shiga gida ana kiran sallar magariba a masallacin bakin kasuwa. Ɗakin cike da mutane, fasto na gefe da Littafi a hannu. Babanku na kwance, an tokare shi da matasai. Ban kai bakin gado ba ya juyo da kai.

"Takun mutum ɗaya nake ji."

Na durƙusa na kama hannunsa. Ban yi masa ƙarya ba, ban taɓa yi ba. Na ce motocin ba su da bel, na mayar da Kande wurin uwarta, motar Dattijo Markus na fitowa za a kawo ta.  Sai ya zare hannunsa daga nawa, a hankali, ba da fushi ba, ya ajiye a kan ƙirjinsa.

"Shida kika ɗauka a cinyar nan, Rifkatu."

Rabon da ya kira ni da sunana tun kafin a haifi Ishaya. Ya juya fuska bango. Bayan wannan ya yi magana da Bulus, ya yi da fasto, har Danladi ya samu kalma. Ni in na ba shi ruwa yakan sha, in na juya shi yakan juyu, amma bai sake ce mini komai ba. Ni na wanke shi, ni na kwana a ƙasa kusa da gadonsa, ina jiran ko da tsawa ce. Bai kai Lahadi ba ya tafi. Motar Dattijo Markus ta fito daga gareji washegarin rasuwar babanku. Abin da na biya ke nan, kuma ni na biya, ba ku ba. Ku kun rasa uba da ya yi muku sallama.

Ranar jana'iza ana cikin waƙa a tsakar gida sai na ga motar ta tsaya a ƙofa. Godiya ce ta fara fitowa, fuskarta kamar toka. Ta bi hanyar da ta rantse ba za ta sake bi ba. Ta buɗe gidan baya ta kwance wa Kande bel, ta kamo hannunta, ta ratsa cikin mutane ba ta dubi Danladi ba, ta kawo mini ita. An riga an ɗauko murfin akwati. Na ce a dakata. Danladi ya ce ba a nuna wa yaro gawa, wasu mata suka ce haba Mama. Na ce duk wanda ya taɓa murfin nan sai ya bi mai shi. Fasto ya ɗaga hannu aka yi shiru.

Na ɗauki Kande na tsayar da ita a kan benci kusa da akwatin. Na ce mata wannan ne Kakanki, baban babanki, shi ya sa miki suna. Na kama hannunsa na dama, ya yi tauri, da ƙyar na ɗaga shi, na ɗora a kanta na riƙe da nawa. Na kira sunayen da ya kamata ya kira, ubansa, da kakansa, da Kande ta fari, da Ishaya, a yarenmu, na rufe da sunan Ubangiji. Mace ba ta yin wannan a gidanmu. Na yi, ba wanda ya tanka.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta tsaya cik har na gama, sannan ta ɗago ido a ƙarƙashin hannun ta dube ni.

"Kaka, me ya sa hannunsa da sanyi?"

Na ce, "Ya daɗe yana jiranki ne."